Farin Yadin da Ke Ƙasan Akwati

Ban iya rubutu ba, 'yata ce ke rubuta abin da nake faɗa. In na yi kuka ta dakata.

Shekarar da muka je Makka, maigidana ya sayi farin yadi turmi biyu, ya jiƙa su da zamzam, ya shanya a tagar masaukinmu. Ya ce ɗaya nasa, ɗaya nawa. Nasa ya tafi da shi bara. Nawa na naɗe a ƙasan akwati, na zo da shi ƙasar waje, unguwar Parkchester, wurin 'yata. Ban faɗa wa kowa ba. Su a nan, ka ambaci mutuwa sai a ɗauko maka magani.

Wata Laraba ina jan carbi a falo, jikata mai shekara goma sha ɗaya ta shigo daga makaranta cikin farin ƙyalle har ƙasa. Ba ɗinki ko ɗaya. An ninko bakinsa, an soke da fil a kafaɗu biyu, an ɗaure ƙugu da igiya. Tana juyi tana Turanci. Uwar, wato 'yata, ta fassara mini: wasa suka yi, an ce kowa ya zo da shigar mutanen Girka na dā.

"Kaka, na yi kyau?" Iyakar Hausarta ke nan.

Na ce, "Zo nan, 'yar nema."

Na kama gefen. Na san wannan yadin kamar tafin hannuna, har da 'yar tsatsar da ƙarfen taga ya bar masa. Bakin ƙasan kuwa a karkace yake, cin almakashi.

"Wa ya yanka?"

Uwar ta ce, "Inna, ya yi mata tsawo ne, na rage. Zanen gado ne fa da kika ƙi shimfiɗawa."

"Ina ragowar?"

Suka dubi juna. Tun Litinin motar shara ta kwashe.

Na ce, "Likkafanina ne."

Yarinyar ba ta san kalmar ba. Da uwar ta gaya mata, sai ta hau fizgar fil tana kuka, har ta soki yatsa, jini ya ɗiga a kafaɗar.

Na wanke da hannuna, na shanya a banɗaki. Sannan na gwada da kamu, sau uku. Riga za ta fita, zane zai fita, mayafan naɗi da ƙyar. Kallabi babu.

'Yata ta ce za ta hau jirgin ƙasa ta sayo wani a unguwar Flatbush, irinsa sak. Ban hana ta ba. Amma wancan ba hannun maigidana ya taɓa ba, bai kuma ga zamzam ba, kuma ina tsoron ranar masu wanka su ga tsoho ya gaza, su ture shi gefe su ɗauki sabo duka.

Shi ya sa jiya na sa ta ta zaunar da ni, na nuna mata inda za a yanka tsohon yadin, na sa ta maimaita. Ta yi kuskure a na biyu. Gobe za mu sake.