Inci Arba'in da Shida a Gamkalle

Mun tashi da asuba daga Katsina, ni da ɗan kawuna mai safarar atamfa, wanda ya san hanyar Yamai kamar tsakar gidansu. Ni kuwa ban taɓa wuce Maraɗi ba. Masu bibiyata sun san ni tela ne, sun kuma san na daɗe ina kukan kasuwa ta kwanta. To maigidana na dā, wanda ya koya mini riƙe almakashi, ya yi shekaru a Yamai, shi ya aiko cewa aiki ya fi ƙarfinsa, in tattara in zo. Na sayar da keken ɗinki ɗaya cikin biyu na ƙulle kuɗin, da niyyar in kama gidan haya, in dawo in kwashi maiɗakina da yaranmu uku.

Kafin na fito na sha shawara har na ƙoshi. Wannan ya ce ƙasar soja ce, wancan ya tuna mini lokacin da iyaka ta rufe wata da watanni. Mahaifiyata ita dai cewa ta yi, "Ka duba da kyau, ba kai kaɗai za ka kwana a can ba." Na ce to, amma a raina bindiga kawai nake tunani.

A iyaka aka fara koya mini ladabi. Na miƙa wa ɗan canji naira cike da leda, ya miƙo mini sefa da ta shige aljihun gaba ko tudu ba ta yi ba. Na tsaya ina jiran saura, ɗan kawuna ya ja ni yana dariya. Jandarma ya duba katin shaidata da na rigakafi, ya dubi fuskata, ya sake duban katin, sannan ya ce in wuce. Muka kwana Maraɗi, washegari muka shiga babbar mota.

Tafiyar yini guda ce cur. Wajen Galmi albasa ce jibge a bakin titi, ƙanshinta har cikin mota. A Dogonduci na ga duwatsu jajaye masu shimfiɗaɗɗen kai, sai ka ce wani ya yanke su da wuƙa. Shingen bincike kuwa na daina ƙirgawa. Kowa zai sauka, a karɓi kati, a kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, kuma ba mai gardama. Bayan mun wuce Doso direba ya rage gudu, mutanen gefen dama suka miƙe. Raƙuman dawa ne guda huɗu suna cin ganyen gawo, ba shinge ba makiyayi, ga wata mata ta wuce ta kusa da su da itace a kai ko waiwaye ba ta yi ba. Na yi ta tasbihi da ƙarfi har wanda ke kusa da ni ya tambaye ni ko lafiya.

Da la'asar muka shiga Yamai, zafi kamar bakin tanda. Maigidana ya sauke mu a shagonsa da ke Zango, unguwar 'yan kasuwa da teloli, inda Hausa ke tashi ta ko'ina, gauraye da Zabarmanci da Faransanci. Ya tsufa, amma bakinsa na nan. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce har yanzu ban iya sa aljihu daidai ba.

Kwana biyu na yi ina zagaya gari ina tambayar farashi. Dambu da kopto, wato kwaɗon zogale irin na Zabarmawa, da ɗan kuɗi kaɗan za ka ci ka sha ruwa ka gode wa Allah. Burodinsu dogo ne kamar sanda, na kasa sanin ta inda ake fara shi. Nama da kifi da ganye ba laifi. Amma shinkafa, man girki da iskar gas, in ka juya su zuwa naira sai kanka ya sara. Taksi na haɗaka ne, ka faɗi unguwa, in hanyarsa ce ya ɗauke ka, in ba ita ba ya ja motarsa bai ce maka uffan ba. Wuta, da suke kira kuran, tana ɗaukewa daidai lokacin da zafi ya fi tsanani, sai ka ji kekunan shago sun yi tsit gaba ɗaya.

Game da tsaro, maigidana bai tsawaita ba. Kada katinka ya rabu da jikinka. Kada ka ɗaga waya wajen gada ko inda soja ke tsaye. Kada ka sa baki a hirar siyasa cikin taksi. Kada ka bi hanyoyin yamma da gari don yawon buɗe ido. Ban da wannan, in ji shi, cikin gari lafiya lau, kuma abin da na gani ke nan. Mata na ciniki, yara na tafiya lakwal, wato makarantar boko, masu shayi na fifita gawayi.

Rana ta uku ɗan kawuna ya kai ni Gudel in ga kogi. Jama'a, ni Bakatsine ne, ruwan da na sani na rijiya ne da na dam. Na tsaya a gaɓa. Ruwa ne shimfiɗe, faɗinsa ya gajiyar da ido, yana tafiya a hankali ba ƙara ba gaggawa. Masunta na tsaye a kan kwalekwale suna jefa birgi, wato ragar kamun kifi, lambuna kore shar sun bi gaɓa, salak da karas da kabeji, a cikin wannan zafin. Can tsakiya wani abu ya ɗago kai ya huro ruwa, aka ce dorina ce. Nan take na ji ina son garin nan, ina son yarana su tashi suna ganin wannan.

Shi ya sa da wani dillali ya ce akwai gida a Gamkalle kusa da kogi, ban yi nauyin ƙafa ba. A tsakiyar gari ciki da falo sai jika hamsin a wata, jika kuwa sefa dubu ke nan. Wannan ɗaki biyu ne da tsakar gida da bishiyar mangwaro, jika ashirin da biyar. Iska na kaɗowa daga ruwa. Bangon ƙasa ne, amma an yi masa sabon shafen siminti daga ƙasa zuwa ƙirji, kuma duk gidajen layin haka suke, shafen ya tsaya wuri ɗaya kamar an ja zare. Ni da idon tela, sai abin ya burge ni, har na ce wa ɗan kawuna mutanen unguwar nan akwai tsari. Dokin ƙofar ya kai gwiwa, na yi tuntuɓe da shi, dillali ya ce saboda awaki ne. Muka yi da shi gobe da hantsi zan kawo kuɗin wata uku. Na kira maiɗakina na ce ta fara ɗaure kaya.

Da safe na riga dillali zuwa, da tef ɗin awo a wuya, don in auna tagogi in ɗinka labule. Ina cikin awo sai wani dattijo mai lambu ya ajiye butocin ban ruwansa ya matso. Bazabarme ne, Hausarsa a hankali take fita.

"Sannu da aiki. Kai ne mai shiga gidan?"

"Ni ne, Baba, in Allah ya yarda."

"Da iyali?"

Na ce da mata da yara uku. Ya dubi tef ɗin da ke wuyana.

"Tunda abin awo na wuyanka, bar taga. Auna daga ƙasa zuwa inda siminti ya tsaya."

Na durƙusa na auna don kada in ƙi maganar babba. Inci arba'in da shida.

"Nan ruwa ya tsaya," in ji shi. "Inda ya ci ƙasa, nan ake shafewa."

Ni nake ɗinka wa yarana kaya, awonsu yana kaina. Babbar, mai shekara shida, daga ƙafa har ka inci arba'in da huɗu ce. Na zauna a kan dokin ƙofar nan na awaki.

Dattijon ya zauna kusa da ni ya yi mini karatu. Kogin nan, in ji shi, sau biyu yake cika a shekara. Akwai baƙin ruwa na lokacin sanyi, mai tasowa daga ƙasashe masu nisa, ya iso ba hadari ba yayyafi, a hankali, kowa na ganinsa. Akwai kuma jan ruwa na damina, shi ba ya sallama. Ba kowace shekara yake haurowa ba, amma in ya hauro, ya hauro. Na ce to ku me ya zaunar da ku? Ya yi murmushi ya ce sau uku yana sake gina ɗakinsa.

"Kogin ne abincinmu, ɗana. Kuma mu masunta na gaya mana tun yana hanya, muna da 'yan'uwa a tudu, mun san inda za mu kai yara. Kai baƙo, wa zai buga maka ƙofa?"

Na juya na dubi kogin. Yana nan yadda na gan shi jiya, kyakkyawa, shiru, tsuntsaye na sauka a kansa. Ban ji na tsane shi ba, girmansa ne ma ya ƙaru a idona, har na ji tsoron Allah. Da dillali ya iso na ba shi haƙuri da ɗan na goro. Bai musa ba, cewa kawai ya yi ai bara bai hauro ba.

Maigidana da ya ji labari ya tafa hannu ya ce laifinsa ne, bai zaci zan gangara can ba. Muka yanke cewa zan dawo ni kaɗai bayan Sallah, in kwana a shago, in ga damina guda da idona, in san mutane su san ni, sannan in nemi gida a tudu ko da tsada.

Hanyar dawowa ban ga komai ba, tunani nake. Na tafi ina tsoron shinge da kaki, su kuwa kati kawai suka nema. Mai niyyar ƙaura, ka tambayi farashi, amma ka tambayi dalilin arha, kuma maƙwabci za ka tambaya, ba dillali ba.

Na iso gida na tarar an ɗaure tukwane a buhu, an yi sallama da maƙwabta, yara na tsalle za su ga kogi. Da na faɗi shawarar da muka yanke, maiɗakina ta ɓata rai, kuma tana da gaskiya.

"Haba Malam, wata nawa ke nan za ka bar mu? Da bakinka ka ce in ɗaure kaya."

Na ɗauko tef da allin ɗinki, na auna inci arba'in da shida a bangon ɗakinmu na ja layi, na ce mata nan ruwa ya tsaya a gidan Gamkalle. Sannan na kira yaran na jera su a jikin bango. Suna ta dariya, sun ɗauka awon kayan Sallah ne, babbar har da ɗage. Ba wanda kansa ya kai layin.

Ta daɗe tana kallo. Sai ta jawo ƙaramin ta goya shi, ta sunkuya ta fara kwance bakin buhun tukwane.