Hoton da Yaya Ya Roƙe Ni

Fitilar mai hoto ta haska ta gefen kunnena a gidan suna a Toranke, sai tuwon ya fita raina. Yayana na tuna, mai hoto a Gaya.

Da tsufansa ya koyi raba fitila da kyamara, don ya gaji da ganin goshin mutane na ƙyalli kamar an shafa man gyaɗa. Ni ke riƙe masa fitilar a soro. Yakan ce, "Tabawa, ba a watsa wa mutum haske a fuska. Ta gefe ake zuwa, kamar mai sallama."

Wata rana ya sa farar rigarsa mai ƙamshin turare, ya hau kujerar da yake zaunar da mutane.

"Na kafa fitilar, ke dai danna nan. Kowa na da hoto ban da ni."

Na ce, "Yaya, wake na kan wuta. Tsoho da kai, wa zai kalla? Bari sai gobe."

Ya yi dariya ya cire hula. Bai sake roƙo ba har ya rasu.

Jiya jikarsa ta tambaye ni kamanninsa, na yi ta kwatance da hannu. Allah Ya kai haske kabarinsa, ta gefen da yake so.