Gorar da Ta Dawo da Muryar Baba

Shekarar da faifan Baba na farko ya fito, ba shagon da za ka wuce a Abakpa ba ka ji gurminsa ba. Baba da jiya direba ne ba wanda ya san shi, yau har daga Doka ake zuwa kallonsa. Kowa a gida murna yake, ban da Inna, mahaifiyarsa. Baba ɗan farinta ne, don haka ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi. "Wancan" take ce masa.

Bayan magariba mukan kewaye murhunta tana gasa mana gyaɗa. Ran da aka fara sa faifan a garmahon maƙwabta, Baba na ƙofar ɗakinsa yana ɗaura wa gurmi tsirkiya, sai ta kawo wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba.

"Ga ta nan, ku matso," in ji ta. Wai aljani ne ya tare wani makaɗi a bakin rafi, ya miƙa masa gora, ya ce ya zuba muryarsa ciki, duniya za ta san shi. Ya zuba. Gora ta shiga kasuwa-kasuwa tana waƙa, mutane suka yi ta jan makaɗin gari-gari, har uwarsa ta daina jin sallamarsa.

"Inna, ya dawo?" na tambaya.

"Gorar dai ta komo gida, jikata," ta ce, ta tura itace cikin wuta.

Tsoro ya kama ni ba kaɗan ba. Kullum da safe sai na ruga na gaida Baba, don kawai in ji ko muryarsa na nan. In ya yi tari, in ruga in kawo masa ruwa. In ya saɓa gurmi zai tafi wasa, in riƙe masa riga ina kuka, shi kuwa yana dariya yana ce mini sarauniyar tsoro.

Ba a jima ba motar su Baba ta kife wajen Rigachikun, suna dawowa daga wani biki, Allah ya yi masa rasuwa. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Da aka watse zaman makoki ta ce mini, "Je ki aro mini garmahon nan." A faifan akwai wurin da Baba yake cewa "Ni ne Mamman ɗan Inna." Da ya zo wurin na ga leɓenta ya motsa, amma sunan bai fito ba.

Sai da na haifi nawa ɗan farin na gane ba mu Inna ta yi wa tatsuniyar ba. Kunya ta hana ta ce wa ɗanta kada ya tafi, shi ne ta ɗaga murya yadda zai ji daga ƙofar ɗakinsa.