Gashin kaza ne ya kayar da ni

Assalamu alaikum. Masu cewa Ado Alkafura ya sayar da wayarsa ne shi ya sa aka daina jin sa, wayar tana nan. Mai wayar ne ya kwanta.

Mutanen Yako sun san ni nake koya wa yara alkafura da tafiya da hannu a kan tarin buntun shinkafa. Ni da boko tun aji huɗu muka raba gari, amma in tsayuwa da ƙafa ɗaya ce, farfesa nake.

To, farfesa yana cikin ruku'u a sallar azahar sai masallaci ya juya. Na kifa kan na gabana, shi ma ya kifa. Daga ranar sai jiri da amai, ko ƙofar gida ba na kaiwa sai da bin bango.

Maƙwabta suka ce iska ce. Maiɗakina, Maman Sadiku, ta ce, "Iskar ta yi haƙuri mu ga likita tukuna."

A asibiti a Kano aka ɗebi jini, aka auna hawan jini, lafiya lau. Sai likita ya haska kunnena, ya daɗe yana leƙe.

"Baba, me kake sa wa a nan?"

Na ce ba komai.

"Gashin kaza ne, likita," in ji Maman Sadiku. "Kullum bayan tuwo sai ya sosa, har da lumshe ido."

Ashe na ji wa kunnen ciwo, ya yi ruwa har can ciki, kuma wai abin da ke riƙe mutum a tsaye a can yake. Ni kuwa shekara da shekaru ina rantse wa yara a ƙafa yake.

Allurai, ƙwayoyi, zirga-zirgar mota, masarar da muka ajiye duk ta tafi. Wannan bai dame ni ba kamar kujerar roba da ladan ya ajiye mini a ƙarshen sahu. Na ji tsoron a kanta zan ƙarasa sallolina.

Likita ya ce, "Jiki yana sake koyo, in an koya masa."

Ɗana Sadiku, wanda ni na koya wa alkafura, shi ya karɓi aikin. Ya kai ni gona, ya sa na cire takalmi na hau kunya.

"Baba, kalli bishiyar ɗorawar can, kar ka kalli ƙasa. Bari tafin ƙafarka ya ji ta."

"Kai, maganata ce fa wannan."

"Ai da dundu kake haɗawa, ni na yafe maka."

Na faɗi a kwari ba adadi, awaki na kallo. Yaron bai taɓa dariya a gabana ba. A hankali na gama kunya guda, na koma ina yi ido a rufe, yana gefena.

Juma'ar da ta wuce na shiga tsakiyar sahu. Wanda na taɓa kayarwa ya waiwayo, ya ɗan matsa gaba. Na yi ruku'u, na ɗago, masallaci yana inda yake.

Alhamdulillahi. Allah Ya saka wa likitocin nan, da duk wanda ya zo dubiya, Ya yi wa Sadiku albarka.

Jama'a, in jiri ya kama ku, ku je a duba har kunne. In an ba ku motsa jiki ku yi, ko awaki za su kalle ku. Gashin kaza kuma ku bar wa kaza abinta.

Kujerar na mayar wa ladan da hannuna.