Makahon Dokin da Ya Cinye Mini Aure

Cikin gadon da mahaifinmu ya bari, ni doki ya faɗo wa. 'Yan'uwana suka raba gona da awaki, ni aka miƙo mini linzamin wani jan ingarma mai ci kamar gara, har ana yi mini barka. Ba a daɗe ba farar yana ta fara hawa idanunsa. Ban farga ba sai ran da ya gabza wa rumbu goshi, ya tsaya yana huci wai rumbun ne ya tare masa hanya.

Babu abin da ban zuba wa idon nan ba. Tozali, zuma, ruwan rubutu, sai ƙara fari yake kamar kindirmo. Inna kuwa ta rantse dokin mijinta ba zai bar gidan ba tana da rai. Ga shi sana'ata saro busasshen kifi daga wajen Guri, kuma a zamanin mai hankali ba ya nisa da ganuwar Haɗejiya da ƙafa, saboda mahara.

Da rani in ruwa ya janye, fadama duk ramukan masu haƙar gaiwa ce, ba su taɓa rufe ko ɗaya ba, Allah ya shirye su. Dole bakina ya zama idonsa. Rami, dama. Gangara. Ƙaya, hagu. Ni da ko gaisuwa gajarta ta nake yi, sai ga ni ina zuba tun daga ƙofar gari har bakin kogi. Da na yi shiru in haɗiyi yawu, sai ya kafe, ya juyo kunnuwa baya yana jira. Zagi ma karɓa yake, shi dai ya ji murya. Na zage shi har zagin ya ƙare mini.

Masu su da makiyaya suka riƙa hango mutum shi kaɗai a tsakiyar fadama yana surfa bala'i. Kafin ka ce kwabo, magana ta zagaya wai na gamu da mutanen ɓoye. Ta kuwa isa gidan da bai kamata ba: gidan wani dattijo masunci da nake neman 'yarsa, yarinyar da nake so har cikin raina, ita ma tana sona.

Na je na durƙusa na ce, Baba, dokin ne ba ya gani. Ya ce makahon doki ne ke tsallake rami kamar barewa? Na nuna masa idon. Ya gwale nasa ya ce shi ma da fari-fari a ciki, kuma yana zura zare a allura. Na ji kamar in ci babu. Wato iya jan ragamar da na yi shi ne ya zame mini laifi.

Sai ya yanke hukunci. In hau daga bakin kogi in zo gindin tsamiyar ƙofar gidansa, bakina a rufe. In dokin ya faɗa rami, na yi gaskiya, a sa rana. In na buɗe baki, ba zai ba mahaukaci 'ya ba.

Da hantsi mutanen unguwa suka taru ƙarƙashin tsamiyar. Na hau, na danne leɓe. Dokin ya ƙi motsi, na sa masa dunduniya, abin da ban taɓa yi ba. Ya soma takawa a hankali, kunnuwan nan duka biyu a kaina. Na gwada jan linzami, amma da baki ya saba, sai ya ƙara rikicewa. Ga wani rami can gaba, mai zurfin gwiwa, daidai karya ƙafa. Na ce a raina, faɗa mana, ɗan banza, me ka taɓa tsinana mini ban da cin dawa? Ya ɗaga ƙafar gaba. Bai san da komai ba, ya dai yarda in da rami da na faɗa.

"Rami! Dama, don ubanka!"

Har tsuntsayen fadama sai da suka tashi. Dokin ya kauce tsaf, ya wuce cikin isa, har da kaɗa wutsiya. Dattijon ya kakkaɓe buzunsa ya shige gida. Kafin kaka aka ɗaura wa yarinyar aure da wani mai jaki.

Da yammar ranar gwajin ina zuba wa dokin harawa ya cije ni a kafaɗa. Ya rayu shekaru bayan haka, ya binne Inna, bai fasa ci ba, ni ban fasa zagi ba. Ban yafe masa ba har yau. Yanzu na tsufa, da sanda nake zuwa masallaci, jikoki na bina suna dariya, don in na zo tsallake kwata sai in ji bakina ya ce rami, dama. Kuma sai na ɗan dakata, ina jiran ya kauce.