An Saurara a Jidda

Litinin: Daga Kano

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito daga gida a Gwammaja, da jaka ɗaya da harami a leda. Mai ɗakina Binta ta rako ni har bakin mota tana cewa, "Ka yi mana addu'a a gaban Ka'aba, ka kuma roƙi Allah Ya raba ka da injin markaɗen nan." Injin markaɗe shi ne sunan da ta raɗa wa kiɗan da nake saurara, kuma ban taɓa yi mata musu ba.

Kiɗa ne na Turawa da ake kira metal, ni kuma ɓangarensa mafi tsanani nake so: jita tana kuka, ganga tana zuba kamar ƙanƙara a kan rufin kwano, mawaƙi yana gurnani ba ka jin ko kalma ɗaya. A wani kaset na fara jin sa, wanda aka manta cikin motar da yayana ya sayo daga Kwatano. Maimakon ya firgita ni, sai na ji zuciyata ta kwanta. Har yau ban san dalili ba.

A shekarar 2003 na ci karo da wata mujalla ta intanet a wani kafe, wadda ba ta da aiki sai sharhi kan wannan kiɗa. Da Turanci ake rubuta ta, sunanta kuma in aka fassara shi ne Ƙasan Rijiya. Mutum ɗaya ne ya kafa ta a Jidda, yana sa hannu da Mai Gadi. Na aika masa sharhina na farko ina jin kunya, sai ga shi ya buga. Shekara takwas ke nan ina rubuta masa, ban san fuskarsa ba, ban san sunansa ba.

Yana da wata al'ada. Ba ya buga sharhi sai shi ma ya saurari faifan daga farko har ƙarshe, sannan ya ƙara layi ɗaya a ƙasa: "An saurara a Jidda." Wannan layi ya fi min komai daɗi. Shekara biyu da suka wuce sai layin ya ɓace. Yana buga rubutuna, amma ƙasansa wayam. Abin ya ci min rai ƙwarai, na ɗauka hannuna ne ya lalace. Sai kuma ga saƙonsa a farkon wannan wata: "Ƙarshen wata zan rufe mujalla. In kana son abin da muka tara, zo ka karɓa hannu da hannu. Ka je kasuwar Bab Makka a nan Jidda ka tambayi Hajiya Kulu mai atamfa." Da ma na daɗe da niyyar umara. Na ce to, zan je in ji laifina, in kuma hana shi rufewa.

Jirgi ya tashi ƙarfe takwas da kwata. Mun yi kusan awa biyar a sama, na ɗaura harami kafin a sanar da miƙati. Da muka zo kan Bahar Maliya na leƙa taga, ruwa da sama sun haɗe sun zama abu ɗaya, jiragen ruwa kamar an rataye su a iska.

Talata: Makka

Daga filin jirgin Jidda motar safa ta kwashe mu zuwa Makka, tafiyar awa ɗaya da rabi, da tsayawa ɗaya a shingen bincike inda aka duba fasfo. Na yi umarata lafiya. Na yi wa Binta addu'a kamar yadda ta ce, amma rabin saƙonta na biyu na bar shi a aljihu, Allah Ya yafe min.

Laraba: Bab Makka

Ƙarfe tara na safe na shiga tasi zuwa Jidda, kilomita wajen tamanin. Direban dattijo ne baƙi, mai rawani irin na Sudan. Ya dube ni ta madubi ya ce, "Daga Kano, ko? Ni Bahaushen Sudan ne, Adam. Kakana ya taso hajji a ƙafa, bai ƙarasa komawa ba." Na ce masa Bab Makka za ni. "Halas, shi ke nan," in ji shi, "yalla, mu tafi, sai dai ka sha zafi."

Bai yi ƙarya ba. Zafin Jidda jiƙaƙƙe ne, yana manne wa mutum kamar rigar da ba ta bushe ba. Garin yana cikin wani farin hazo da ke tasowa daga teku, tsofaffin gidaje masu tagogin katako suna leƙowa ta cikinsa. Na karya da dafaffen waken ful da burodin tamis mai zafi a wata rumfa, na sha shayi mai na'ana'a, sannan na kutsa layin 'yan yadi.

Mutum na uku da na tambaya ya nuna min ita. Tsohuwa ce siririya cikin baƙar abaya, zaune kan tabarma, atamfofi jere a gabanta. Na fara haɗa 'yar Larabcina ta makarantar allo, sai ta katse ni.

"Ɗana, yi Hausarka. Kai ne Kabiru na Kano, abokin Hamza?"

Na yi tsaye baki buɗe. "Hajiya, wane ne Hamza?"

"Ɗana mana, mai kwamfuta. Ba wurinsa ka zo ba?"

Shekara takwas ina zana shi a raina Balarabe mai dogon gashi. Ashe Mai Gadi Bahaushe ne, uwarsa 'yar Katsina, ta zo hajji tana amarya ta zauna. Dariya ta kama ni har na zauna a gefen tabarmarta. Ta ce in zo gida gobe da hantsi a unguwar Sa'alaba, ta kwatanta min. Da zan tashi ta riƙe hannun rigata ta ce, "In ka je, ka tsaya a gabansa." Ban gane nufinta ba. Na kama ɗaki a wani ƙaramin masauki kusa da kasuwar, mai fanka ɗaya da taga da ke kallon rufin makwabta.

Alhamis: Sa'alaba

Baba Adam ya ba ni lambarsa, shi ya kai ni, tafiyar minti ashirin da biyar zuwa kudancin gari. Gidajen unguwar gajeru ne, fentinsu ya koɗe, awaki na kwance a inuwar motoci. Na isa ƙarfe goma da rabi. Ƙofar a buɗe take. Can ciki wani mutum mai kimanin shekara arba'in yana zaune ya ba ni baya, yana kallon kwamfuta.

Na yi sallama. Shiru. Na ƙara da ƙarfi. Ko motsi bai yi ba. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata wato wulaƙancin har gida. Na riga na juya zan fita sai Hajiya ta fito daga kicin, ta buga ƙafarta a ƙasa sau biyu. Nan take ya waigo.

Ya rungume ni kamar zai karya ni. "Ya akhi! Kabiru! Ahlan, ahlan, ka zo!" Muryarsa ta cika ɗakin, ta fi ƙarfin wurin. Na fara zuba masa gaisuwa, sai na ga idonsa a kan leɓena yake. Ya miƙo min littafi da biro. "Rubuta, da Ingilishi. Kunne halas, ya mutu. Shekara biyu."

Na zauna a ƙasa kusa da shi. Shekara biyu ina fushi da mutum, ashe shi yana nan cikin shiru.

Haka muka yi hirar, shi da baki, ni da biro. Ya ce shekara ashirin yana aiki a wurin yankan ƙarfe a ƙarƙashin kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, in ya tashi kuma ya toshe kunne da kiɗa. Da fari wani siririn fito ya riƙa ji, daga nan sauti ya yi ta ja da baya. Likita ya ce jijiya ce, ba ta dawowa.

Na rubuta: me ya sa ba ka taɓa gaya min kai Bahaushe ba ne?

Ya yi dariya ya sosa ƙeya. "Aib, abin kunya ne, wallahi. In na faɗa, za ka rubuto da Hausa. Ni Hausa a kunne na sani, a bakin Ummi. Ba na karanta ta." Hajiya na gefe tana tankaɗe kuka, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Ni kuma ban iya rubutu ba. Yanzu sai dai ya kalli bakina."

Bayan mun ci tuwon shinkafa da miyar kuka, ya nuna min mujallar tun daga tushe. Shafi ɗaya ya fara da shi a shekarar 2000, baƙi da farin rubutu, a wani kafe da ke Ruwais inda yake zuwa ran hutu. Ya buɗe wani tsohon akwatin ƙarfe cike da faifai da wasiƙu daga ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe ƙofa da waɗanda ruwa ba ya ɗaukewa, duk an aiko wa mutumin da bai taɓa fita daga Jidda ba. A lokacin da abin ke tashe mu goma sha ɗaya ne ke rubutu. Aure da aiki suka janye su ɗaya bayan ɗaya, saura ni kaɗai.

Sannan ya sa wani faifai, ya ƙure ƙara, ya ɗora tafin hannunsa a kan sifika ya lumshe ido. Ya jawo nawa hannun ya ɗora kusa da nasa. Gangar tana bugawa cikin ƙashina har kafaɗa. "Wannan kawai ya rage," in ji shi. "Ganga tana zuwa. Jita ba ta zuwa." Hajiya ta leƙo ta ce, "Kun ga, aljanun sun tashi," ta koma abinta.

Juma'a: Bakin teku

Bayan la'asar muka tafi bakin teku ta wajen Ruwais. Iyalai sun shimfiɗa darduma suna shan shayi. Can cikin ruwa wani dogon maɓuɓɓugi yana harba ruwa sama, iska tana kwashe kansa ta mai da shi hayaƙi. Rana ta yi ja ta tsaya a cikin hazo kamar ba za ta faɗi ba. Na ji kamar a mafarki nake, irin wanda mutum ke magana sauti ba ya fita.

Ya ciro wani ɗan akwatin ajiyar kwamfuta, bai fi tafin hannu ba, ya sa min a cinya. "Shekara goma sha ɗaya na ciki. Ka tafi da shi."

Na rubuta: kada ka rufe.

Ya girgiza kai. "Mujallar sauraro, mai ita ba ya ji? Ƙarya ce, ya akhi. Shi ya sa na cire layin. Ba zan rubuta na saurara ba alhali ban saurara ba."

Can sai ya ce, yana kallon ruwa, "Faifan nan na bara, na mutanen arewacin Turai. Ka ce farkonsa kamar mutum ne ya shiga rijiya da fitila, yana sauka, hasken bakin rijiyar yana ƙanƙancewa. Ka ce a waƙa ta huɗu fitilar ta mutu, amma bai ji tsoro ba." Kalma bayan kalma ya kawo sharhina, yana juya shi zuwa Hausarsa mai gauraye da Larabci. "Na karanta sau ashirin. Wallahi har jitar na ji."

Hawaye ya zubo min, ban ɓoye ba. Na rubuta da manyan baƙaƙe: to wa zan rubuta wa in ka rufe? Ya karanta, ya rufe littafin. Aka kira magariba muka tashi.

Asabar: Komawa gida

Ƙarfe bakwai na safe na biya Bab Makka yin sallama da Hajiya. Na sayi turmi ɗaya na Binta, sannan na miƙa mata ɗan akwatin nan a naɗe cikin hankici. Na ce, "Hajiya, ki mayar masa. Ki ce na ce ajiyar ta fi ƙarfina." Ta dube ni ta ce, "Zan tsaya a gabansa in faɗa masa a hankali." Ta cusa min dabino a jaka, ta yi min addu'a har na sha kwana.

Baba Adam ya kai ni filin jirgi cikin minti arba'in. Mun tashi ƙarfe ɗaya na rana, muka sauka Kano ana kiran la'asar. Binta ta tare ni da tambayar ko addu'arta ta karɓu. Na ba ta labari duka. Ba ta yi dariya ba. Washegari da kanta ta goge ƙurar rediyona ta ce, "Kunna injin naka, amma ka rage ƙara, kunne biyu gare ka."

Na saurari sabon faifai sau uku, na rubuta sharhi mafi tsawo da na taɓa yi. Ban bar komai ba, har inda mawaƙin ya ja numfashi. Na aika. Wata ya ƙare, kullum in na tashi daga aiki sai na biya kafe, shafin yana nan yadda yake, ba a rufe ba, ba a ƙara komai ba.

Ran kwana na tara na buɗe, sai ga sharhina a sama. Na gangara ƙasa. Akwai layi ɗaya: "An saurara a Kano, an karanta a Jidda."

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Baba Adam da motarsa, da Hajiya Kulu da tuwonta. Hamza kuwa ba sai na gode masa a nan ba, tunda ba ya karanta Hausa. Akwai faifai biyu a kan teburina, yana jira.