Tantabaruna a Gidan Malam

Ina aji shida na firamare lokacin, wanda shi ne ajina na ƙarshe a duniya. Shekaruna sha biyu ko sha uku. Irin shekarun nan ne da ba ka da wurin zama. Ka je wajen manya su ce tashi ka ba mu wuri, ka je wajen yara su ce ƙato da kai. Ni kuma dama ban iya zama wuri ɗaya ba.

Da kuɗin barka da sallah na sayi tantabaru biyu a kasuwar Sabon Gari, mace da namiji. Na huda kwali na sa su, na rungumo shi a bas har Samaru. Baba na gani ya ce, "Ba a gidan nan ba. Gidan haya muke, ka jawo min magana a kan kashin tsuntsu?"

Inna ce ta rufa min asiri. Maƙwabciyarmu ce, matar Malam, katanga ɗaya ta raba mu. Ta goya ni ina jariri, ta sha yi min wanka in Mama ta tafi unguwa. Ta ce, "Kawo su nan, ɗan nema." Na rataye musu tsohuwar tukunya a bangon bayan kicin ɗinta.

A jikin zauren gidan an rubuta BA A SHIGA da jan fenti. Da wannan rubutun na koyi haɗa baƙi. Amma ban taɓa zaton da ni yake ba. Na masu gyaran wuta ne da baƙi maza. Ni sau goma nake shiga a rana, in zuba gero, in canza ruwa, in leƙa tukunya, wani lokacin har in ci ɗumame.

Wata Laraba na gudo daga makaranta lokacin tara, don macen ta fara jan tsinke, alamar za ta yi ƙwai. Na faɗa gidan da gudu na yi sallama. Sallamar ta fito wata iri, rabi tawa, rabi ta wani ƙato da ban sani ba. Inna na zaune a tabarma, ƙanwarta na yi mata tsifa. Sai na ga ta miƙa hannu ta jawo hijabi daga kan igiya ta rufe kanta. Ƙanwar ce ta ƙyalƙyale da dariya.

"Yaya, wannan zakaran naki ya fara cara."

Bayan la'asar Malam na zaune a ƙofar zaure, ya yafito ni.

"Zo nan. Karanta min wancan."

"Ba a shiga."

"Madalla. Ashe bokon bai tafi a banza ba."

"Malam, ai ni ne."

"Na san kai ne. Shafa ƙasan hancinka ka ji."

Na shafa. Wallahi babu komai sai ɗan laushi-laushi.

"Daga yau iyakarka nan. Ba laifi ka yi ba, girma ne ya zo."

"To tantabaruna fa?"

"Su ba su balaga ba, su ci gaba da shiga."

Kwana uku ina bin Baba da magiya kafin ya yarda in ajiye su a bayan ɗakinmu. Ƙanina, ɗan shekara shida, shi ya shiga ya fito min da su a kwali. Na koma Sabon Gari wajen mutumin da ya sayar min, na tambaye shi yadda ake sa su saba da sabon gida. Ya ce in ɗaure fukafukan da salatif, in riƙa ba su ruwan sukari, sati uku. Na yi. Sukarin shayin Mama ya sha wahala, ni ma na sha rankwashi.

Ranar da na kwance su, suka tashi, suka zaga unguwa sau biyu, suka sauka a gidan Malam. Ina tsaye ina kallo. Na sake aika ƙanina, na sake ɗaurewa, wannan karon wata guda cur. Ko zagayen ba su yi ba.

Shi ke nan, ƙanina ya zama mai shiga. Ni ke nemo gero, ni ke tsayawa a zaure, shi ke fitowa da labari yana taunar wani abu da Inna ta ba shi.

"Yaya, sun yi ƙwai biyu. Ka ga ƙanƙantarsu? Au, na manta, kai ba ka shiga."

Na kai mishi duka, ya ruga ciki, ya tsaya daidai bayan labulen buhu yana min gwalo. Taku uku ne tsakaninmu. Ban taka ba.

Na taɓa hawa katangarmu don in hango tukunyar. Mama ta jawo ni ta ƙafa.

"Leƙen gidan mutane? Da wanne za a ji, da barin makaranta ko da wannan?"

Daga ranar ban sake ba.

Da suka ƙyanƙyashe karo na uku, Inna ta aiko ƙanina da kwano a rufe. 'Yan shila biyu ne, soyayyu, da yaji a gefe.

"In ji Inna, wai na mai su ne. Wai kuma ka daina tsayuwa a zaure kamar mai jiran sadaka."

Na ci ɗaya, na ba shi ɗaya. Na ɗauko ragowar geron da ke leda na miƙa mishi.

"Riƙe. Naka ne yanzu. Safe da yamma, kuma ka riƙa wanke kaskon ruwan."

"Har abada?"

"Har ranar da Malam zai ce ka yi mishi karatu."